Herodot, uban tarihi

An haifi Herodot wajen shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa, a Halikarnas, wani birni na bakin teku. Yau sunan wurin Bodrum, cikin ƙasar Turkiyya. Bagirke ne, amma a zamanin garinsu yana ƙarƙashin sarkin Farisa. Yana ɗan ƙarami aka gwabza babban yaƙi tsakanin Girkawa da Farisawa. Ya tashi yana jin tsofaffi suna ba da labarin yaƙin, sai ya ɗaura niyyar sanin mafarinsa.

Da ya girma ya shiga duniya. Ya je Tir, a ƙasar Lubnan ta yau. Ya ga gaɓar Baƙin Teku. Ya shiga Masar, ya bi kogin Nilu har kusa da Aswan. Bai iya harshen Masarawa ba, da tafinta yake magana. Duk inda ya sauka sai tambaya: me kuke ci? Yaya kuke binne mamatanku? Wa ya gina wannan? Yana da wata ɗabi'a mai kyau. In ya gani da idonsa, ya ce ya gani. In ji ya yi, ya faɗi wurin waɗanda ya ji. Ko bai yarda da labari ba, yakan rubuta shi, ya bar mai karatu ya auna.

Ga misali. An gaya masa Fir'auna Neko ya aiki matuƙan jirgin ruwa, mutanen Fenisi, su kewaye Afirka. Suka tashi daga Bahar Maliya suka yi kudu. In guzuri ya ƙare su sauka, su yi shuka, su girbe, su ci gaba. A shekara ta uku suka komo Masar ta Bahar Rum. Suka ce sa'ad da suke kewaya ƙarshen Afirka, suna fuskantar yamma, rana tana hannunsu na dama, wato arewa. Herodot ya ce shi bai yarda ba, don a ƙasar Girka ba a taɓa ganin rana a arewa da tsakar rana ba. Duk da haka ya rubuta.

To, yara, ku fita tsakar gida cikin watan Yuni, rana tsaka, ku dubi inuwarku. Kudu take faɗuwa, don rana tana arewa da mu. A can ƙarshen Afirka kuwa haka abin yake duk shekara. Ashe abin da Herodot ya ƙi yarda da shi, shi ne ya sa masana da yawa suke ganin an yi tafiyar da gaske.

Akwai wani labarin da ya matso kusa da mu. Wasu samari biyar daga Libiya sun ƙetare hamada. Wasu gajerun mutane suka kama su, suka kai su wani gari a bakin babban kogi mai kadoji, wanda ke gudu daga yamma zuwa gabas. Herodot ya zaci Nilu ne. Wasu masana suna ganin kogin Kwara ne, wasu kuma suna musu.

Ba duk abin da ya rubuta ne gaskiya ba. Ya ba da labarin tururuwar Indiya da ta fi yanyawa girma, wai tana tono zinariya! Irin wannan ya sa wasu suka kira shi uban ƙarya. A ganina sun yi masa tsanani.

Ya zauna a Atina, daga baya ya koma Turiyo, sabon gari a kudancin Italiya, ya mutu wajen shekara ta 425. Bayansa aka raba littafinsa kashi 9. Aikin nasa da Girkanci historiya ya kira shi, ma'anarta bincike, daga nan kalmar histoire ta Faransanci ta fito. Sisero, mashahurin ɗan Roma, shi ya laƙaba masa uban tarihi. Har yau ɗaliban jami'a masu nazarin Girka da Roma ta dā suna karanta shi, wasunsu cikin harshen da ya rubuta.