George Alan Thomas

Sir George Alan Thomas (14 ga Yuni, 1881 – 23 ga Yuli, 1972) ɗan wasan badminton ne na ƙasar Birtaniya, wanda kuma ya yi suna a wasan tanis da wasan chess, wato dara irin ta Turawa. Ya lashe kambu 21 a gasar All England, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Tara daga cikinsu a wasan maza bibbiyu ya same su. Kofin Thomas, wanda ƙasashe ke fafatawa a kansa a badminton na maza, sunansa aka sa masa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Tarabya, kusa da birnin Istanbul, a zamanin Daular Usmaniyya. Mahaifiyarsa, Lady Edith Thomas, gwanar chess ce, ita ce ta lashe gasar mata da aka yi a Hastings a shekarar 1895. Ya gaji sarautar baronet ta gidansu, shi ne na bakwai a jerin.

Badminton

A zamaninsa babu gasar cin kofin duniya ta badminton, don haka All England, wadda aka fara a 1899, ita ake ɗauka a matsayinta. Thomas ya samu kambunsa na farko a 1903, a wasan namiji da mace, tare da Ethel Thomson. A wannan rukuni ya tara kambu takwas. A wasan ɗai-ɗai kuwa ya yi nasara sau huɗu a jere, daga 1920 zuwa 1923, yana dab da shekara arba'in lokacin da ya fara.

Wasan maza bibbiyu shi ne inda ya fi daɗewa. Ya ci gasar sau huɗu tare da Henry Marrett, a 1906 da 1908 da 1910 da 1912. Daga nan ya haɗu da Frank Chesterton suka ci ta 1913 da ta 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka dakatar da gasar daga 1915 zuwa 1919, shekaru biyar da suka faɗo daidai lokacin ƙarfinsa. Bayan yaƙi ya samu abokin wasa na uku, Frank Hodge, suka yi nasara a 1921 da 1924 da 1928. A wannan lokaci matasa biyu daga Ireland, Frank Devlin da Gordon Mack, sun fara mamaye rukunin, su ne suka ci na 1926 da 1927. Thomas ya karɓe kambun daga hannunsu a 1928 yana da shekara 46. Tsakanin nasararsa ta farko da ta ƙarshe a wannan rukuni shekara 22 ce, abin da ba kasafai ake gani ba a wasan da ke bukatar zafin nama a gaban raga. A 1923 ya wallafa littafi kan wasan mai suna The Art of Badminton.

Kofin Thomas

A 1934 ƙasashe tara suka kafa hukumar badminton ta duniya, wadda yanzu ake kira BWF. Thomas ne shugabanta na farko, ya riƙe muƙamin har 1955. Ganin yadda Kofin Davis ya ɗaukaka tanis, sai ya kawo shawarar a yi irinsa a badminton, ya kuma ba da kofin da kansa a 1939. Yaƙin Duniya na Biyu ya hana a fara sai kakar 1948 zuwa 1949. A wasan ƙarshe da aka yi a Preston, Malaya ta doke Denmark da ci 8 da 1. Tun daga ranar kofin ya fi zama a nahiyar Asiya, Ingila kuwa ba ta taɓa cinsa ba.

A tsarin farko, kowace karawa wasa tara ce: biyar na ɗai-ɗai, huɗu na bibbiyu. Saboda haka ƙasar da ba ta da 'yan bibbiyu masu ƙarfi da wuya ta kai labari. Daga 1984 aka rage zuwa wasa biyar, biyu daga ciki na bibbiyu.

Chess da tanis

Ya zama zakaran chess na Birtaniya a 1923 da 1934. A gasar Hastings ta 1934 zuwa 1935 ya raba matsayi na ɗaya da Max Euwe da Salo Flohr, bayan ya doke José Raúl Capablanca da Mikhail Botvinnik. Duk da haka, wasan da masu koyon chess suka fi saninsa da shi kaye ne: a Landan a 1912, Edward Lasker ya sadaukar da sarauniyarsa, ya yi ta korar sarkin Thomas har ƙarshen allo, ya gama da shi a motsi na 18. A tanis ya kai zagayen 'yan takwas a Wimbledon a 1911.

Rasuwa

Thomas bai yi aure ba, don haka sarautar gidansu ta ƙare da shi. Ya rasu a Landan yana da shekara 91. A 1996 aka sa shi cikin rukunin farko na waɗanda hukumar badminton ta duniya ta karrama a zauren gwarzayenta.