James Weldon Johnson, lauyan da ya tattara waƙoƙin bayi

An haifi James Weldon Johnson ranar 17 ga watan Yuni 1871, a garin Jacksonville, cikin jihar Fulorida, a kudancin Amurka. Shekara shida ke nan da hana bauta a ƙasar. Yawancin tsofaffin unguwarsu cikin bauta aka haife su, amma iyayensa ba su taɓa zama bayi ba. Ubansa shi ne shugaban masu kai abinci a wani babban otel. Uwarsa malamar makaranta ce, kuma ta iya kiɗa. Ita ta fara koya musu karatu da waƙa, shi da ƙanensa Rosamond.

Ya yi karatu a jami'ar Atlanta, ya gama a 1894. Da ya komo gida, aka ba shi shugabancin makarantar Stanton, inda ya yi karatu yana yaro. Makarantar ƴaƴan baƙar fata ce, aji takwas gare ta, daga nan sai yaro ya koma gida. Johnson ya ƙara azuzuwa a sama, har ta zama sakandare.

Da rana yana makaranta. In an tashi, sai ya tafi ofishin wani lauya farar fata, ya duƙufa kan littattafan shari'a. Da lokacin jarrabawa ya yi, aka tsaida shi cikin kotu, gaban alƙali da lauyoyi uku. Awa biyu suna yi masa tambayoyi, yana ba su amsa. Ɗaya daga cikinsu bai so a karɓi baƙin mutum ba. Da ya ga ba yadda zai kayar da shi, sai ya tashi ya bar ɗakin. Haka Johnson ya zama lauya kafin shekara ta 1900.

Bai daɗe yana aikin lauya ba, don waƙa ta ja shi. A 1900 ya tsara wata waƙa saboda bikin tunawa da haihuwar Ibrahim Lincoln, Rosamond ya sa mata kiɗa, yara 500 suka rera ta. Har yau baƙar fatan Amurka suna ɗaukar ta kamar takensu. Daga baya ƴan'uwan biyu suka koma Niyu Yok, suna tsara waƙoƙin wasa. A 1906 gwamnati ta naɗa shi ƙaramin jakada a Benezuwela, a 1909 ta mai da shi Nikaragwa.

A zamanin nan akwai wata mummunar al'ada a kudancin Amurka. In aka zargi baƙin mutum da laifi, ko da ba shaida, sai gungun fararen fata su kama shi, su rataye shi ko su ƙone shi, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Da wuya a hukunta wani daga cikinsu. Shi kansa Johnson ya tsallake rijiya da baya a 1901, lokacin da aka gan shi yana hira da wata ƴar jarida, aka zaci Baturiya ce.

A 1916 ya shiga aikin ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata da ake kira NAACP, a 1920 ya zama babban sakatarenta. Nan ilimin shari'arsa ya yi amfani. Ya yi ta rubutu a jaridu, ya yi ta zirga-zirga a Washinton, yana bin ƴan majalisa ɗaya ɗaya, don a kafa dokar da za ta hana wannan kisa. A watan Janairu 1922 majalisar wakilai ta amince, mutum 230 suka yarda, 119 suka ƙi. Amma a majalisar dattawa, ƴan kudu suka yi ta jan magana da gangan har aka ajiye dokar. Sai a 2022, bayan shekara 100, Amurka ta kafa irin wannan doka.

Johnson bai karaya ba. Ya juya ga wata shari'ar, wadda ba a kotu ake yin ta ba. Bayin Amurka sun bar waƙoƙin ibada masu yawa. An hana su karatu da rubutu, saboda haka da ka suka riƙe su, daga baki zuwa baki. Cikinsu suna ambaton Annabi Musa da Fir'auna, da ƙetare kogi, da ranar da wahala za ta ƙare. Wasu masana Turawa suka ce ai ba bayin suka ƙago su ba, kwaikwayon waƙoƙin iyayengijinsu kawai suka yi.

A 1925 ya fitar da littafin waɗannan waƙoƙi, a 1926 ya fitar da na biyu. Duka biyun sun ƙunshi waƙa wajen 120. Rosamond ya rubuta kiɗan, shi kuwa James ya rubuta doguwar gabatarwa, kuma kamar lauya ya rubuta ta, yana kawo shaidu. Ya nuna cewa ginin waƙoƙin daga Afirka ya fito: mutum ɗaya ya ba da waƙa, jama'a su yi amshi, ya sake baiti, su maimaita amshin. Duk yarinyar da ta taɓa shiga gaɗa a dandali ta san wannan tsari. Cikin shaidunsa har da wata waƙar yabon sarki ta maroƙan Barno, wadda ya samo a littafin Denham da Clapperton, Turawan Ingila da suka zo ƙasar Barno da ƙasar Hausa tsakanin 1822 da 1824.

Sauran shaidun, da idonsa ya gan su yana yaro. Ya ba da labarin wata mata mai wanki, ana ce mata Ma White. Duk yawan aikinta, ba a taro a majami'arsu ba tare da ita a wurinta ba, tana ba da waƙa. Ya kuma tuna wani gajeren mutum mai ido ɗaya da murya mai kaifi, wanda ke yawo daga majami'a zuwa majami'a, yana ƙago waƙoƙi, yana koya wa mutane. Ba su da takardar shaidar makaranta, amma Johnson ya sa sunayensu cikin tarihin kiɗan Amurka.

A 1930 ya bar aikin ƙungiyar, ya koma koyarwa a jami'ar Fisk. Ranar 26 ga watan Yuni 1938, yana hutu a jihar Maine, jirgin ƙasa ya buge motar da yake ciki da matarsa Grace. Ita ta ji rauni ƙwarai amma ta tsira. Shi ya rasu, yana da shekara 67. Mutum fiye da 2000 suka halarci jana'izarsa a unguwar Harlem.