Abubakar Imam: Editan Da Ya Buɗe Ƙofar Koke A Jaridar Gwamnati

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, tana fitowa sau ɗaya a wata, ana sayar da ita kwabo guda. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, a daidai lokacin da yaƙi ke kunno kai a Turai, jita-jita kuma ta cika kasuwanni cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Turawa na bukatar bakin da zai yi wa mutanen Arewa magana da harshensu. Wanda aka ɗora a kan kujerar editan Hausa, ƙarƙashin Dokta Rupert East, wani malamin makaranta ne da bai cika shekara talatin ba, Malam Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara a 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, sannan gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta fito da shi da littafinsa Ruwan Bagaja, tare da yayansa Malam Bello Kagara mai Ganɗoki. Daga nan East ya ja shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Wannan ɓangaren na rayuwarsa kowane ɗan makaranta ya san shi. Abin da aka fi mantawa shi ne shekarun da ya yi yana tafiyar da jaridar da ba shi ya mallake ta ba.

Matsayin nasa na tsaka mai wuya ne. Albashinsa daga hukuma yake fitowa, takarda da injin ɗab'i na hukuma ne, sama da shi kuma akwai Bature. Ga sarakuna da En'e a gefe, masu kotu da kurkuku da 'yan doka, waɗanda ba su saba jin talaka ya ɗaga murya ba. A gundumomi irin su Birnin Kudu da Gwaram, da ke ƙarƙashin En'en Kano a wancan zamani, koke na bin tsani ne daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, sau da yawa kuma a kan tsanin yake mutuwa. Imam ya buɗe wata ƙofa a gefen wannan tsani, wato filin wasiƙun masu karatu. Malamin firamare ko akawu ko ɗan kasuwa na iya ɗaukar alƙalami ya yi magana a kan cin hanci, ko ƙarancin makarantu, ko halin ma'aikata, maganar kuma ta zaga lardin-lardi, ana karanta wa waɗanda ba su iya boko ba. Editan kan rufe zafin zance da karin magana da barkwanci, ta yadda mai mulki zai ji cizon amma ya rasa inda zai kama.

A 1943 ya shiga tawagar editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila. Can Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot, ya tsara takardar neman mulkin kai, Imam kuwa ya ƙi sa hannu. Yana ganin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe nasu rabon, kuma babu wanda ya wakilta shi ya yi wannan alkawari. Maimakon haka sai ya gana da Lord Lugard, ya kuma biyo baya da wasiƙu yana bayyana masa yadda tsarin mulki ta hannun sarakuna ya toshe wa matasa masu ilimi hanya. Ya kai ƙara ke nan gun wanda ya gina tsarin da kansa. Labarin tafiyar ya zuba shi a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Shekara biyu bayan haka aka ga bambancin hanyoyin biyu. Lokacin yajin aikin gama-gari na 1945 gwamnati ta haramta buga West African Pilot da Daily Comet. A shekarar ce kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya da kuɗin hukuma. Jaridar Imam ba a taɓa rufe ta ba, amma wannan zaman lafiya yana da farashi. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, masu ra'ayin sawaba sun fi samun fili a Comet, wadda ta koma Kano, suna kallon Gaskiya a matsayin bakin sarakuna da jam'iyyar NPC. Zargin bai rasa tushe ba, domin Imam na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma shiga majalisa a 1951. Sai dai da yawa daga cikin masu sukar sun fara koyon jayayya a rubuce ne a shafukan da shi ya buɗe.

Ya bar jaridar a shekarun 1950, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, daga bisani aka naɗa shi kwamishinan sauraron koke-koken jama'a, aikin da tun a teburin edita ya fara shi ba tare da muƙami ba. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981, shekara uku kafin Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ci gaba da fitowa shekaru da dama a bayansa, a hannun gwamnati kamar yadda aka haife ta, har lokacin da kuɗin masu ita ya janye, ta durƙushe tare da ƙanwarta New Nigerian.