Charles Parsons, Ɗan Sarautar da Ya Zaɓi Baƙin Mai

'Yan Mekanika da 'yan Lantarki, wannan naku ne. An haifi Charles Parsons a Landan a 1854. Mahaifinsa basarake ne a ƙasar Ayalan, kuma shi ya gina madubin hangen taurari mafi girma a zamaninsa. Yaron ya gama karatun lissafi a Kambirij a 1877, sai ya tafi masana'antar Armstrong a Newcastle ya zama ɗan koyo. Ɗan sarauta fa, ga digiri, yana goge ƙarfe. Mu nan SIWES ma da ƙyar wasu ke leƙawa.

Matsalar da ya tarar ita ce, tururi in ya kufce daga tukunya gudunsa ya wuce misali. In aka sa ya bugi fanka guda, sai ta yi juyin da zai iya tarwatsa ƙarfen. A 1884 Parsons ya jera fukafukai sahu-sahu a jikin sanda ɗaya. Tsakanin sahu da sahu akwai wasu fukafukan kafaffu a jikin murfi, suna karkata tururin zuwa sahu na gaba. Kowane sahu ya ɗan tsakuri ƙarfin tururin, tururin kuma yana ƙara buɗewa, shi ya sa fukafukan ke ƙara girma zuwa ƙarshe. Duk da haka injinsa na farko juyi 18,000 yake yi a minti, yana ba da kilowat 7.5 kacal. A irin wannan gudu, sanda in ta ɗan fi nauyi ta gefe guda sai jijjiga, don haka ya ƙera mata mazauni mai ba ta damar ɗan motsi. Injinan tashar Egbin da ke Legas jikokin wannan dabara ne.

A 1889 ya rabu da abokan aikinsa na Clarke Chapman, haƙƙin ƙirar ya zauna hannunsu. Sai da ya yi kusan shekara biyar kafin ya sayo abinsa.

A 1897, ana bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a kan mulki, ya kutsa da ƙaramin jirginsa Turbinia tsakanin jiragen yaƙin Ingila, yana gudun sama da kilomita 60 a awa. Aka bi shi, ba a kamo shi ba. Zuwa 1906 jirgin yaƙi Dreadnought da irin injinsa yake tafiya.

Ya rasu a 1931 a cikin jirgin ruwa, a tashar Kingston ta Jamaika.