Shu Shen, malamin da ya bi sawun haruffan Sin

An haifi Shu Shen, wanda littattafan boko ke rubuta sunansa Xu Shen, wajen shekara ta 58 miladiyya a Runan, cikin lardin Henan na yau, a zamanin daular Han. Ya yi karatu a hannun babban malami Jia Kui, ya kuma riƙe muƙamai a gwamnati.

Ya taso malaman ƙasarsa na cikin gardama. Rubutun zamanin ya riga ya sauya kama, amma wasu malamai na fassara kowane harafi bisa sabuwar siffarsa, har ana kafa hujjar shari'a da irin wannan fassara. A ganin Shu Shen, wanda bai san asalin harafi ba ba zai fahimci littattafan magabata ba. Don haka ya koma ga tsohon rubutun hatimi.

A shekara ta 100 ya kammala ƙamusunsa, Shuowen Jiezi, mai haruffa 9,353 da ya kasa ƙarƙashin tushe 540. Ba kamar ajami ko bokon da ake karantawa a Illela da Ƙonni ba, inda harafi ke wakiltar sauti, harafin Sin na ɗauke da ma'ana. Shu Shen ya nuna cewa mafi yawansu gamayyar sashe biyu ne, ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna furuci. Sai a 121, yana fama da rashin lafiya, ɗansa Shu Chong ya miƙa littafin ga Sarki An. Ya rasu wajen 148.

Bai tsira daga kuskure ba. Harafin wang, mai nufin sarki, layuka uku ne a kwance da guda a tsaye. Shu Shen ya ce sama ce da ƙasa da ɗan Adam, sarki ya haɗe su. Daga 1899 aka fara gane rubuce-rubuce a jikin ƙasusuwan duba na daular Shang, waɗanda suka girme shi da fiye da shekara 1,000. A cikinsu harafin ya fi kama da bakin gatari, alamar iko, kuma masana da yawa sun karɓi wannan bayani.

Duk da haka, da ƙamusunsa aka yi jagora wajen karanta ƙasusuwan da suka gyara masa kuskure. Tsarin tushen da ya kafa kuwa, daga baya aka rage shi zuwa 214, adadin da ƙamusun Kangshi na 1716 ya ɗauka, kuma ɗalibai na aiki da shi har gobe.