MALAM MUHAMMADU BAKATSINE, GWANIN LISSAFIN HATIMI

Cikin fannonin da a ke koya wa ɗaliban lissafi da na kwamfuta a jami'a akwai wani da za mu iya kira lissafin ɗaiɗaikun abubuwa, watau ilmin ƙirga abubuwan da ke rarrabe, da tsara su, da gano hanya nawa za a iya jera su. Yaranmu na nan Tudun Wada da su ka shiga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda a ka buɗe a Samaru cikin 1962, da yawansu su kan ɗauka wannan ilmi baƙo ne tsantsa, daga Turai ya zo cikin jirgi. To, yau za mu ba su labarin wani malami na ƙasar nan wanda ya rubuta littafi a kan wani reshe nasa tun cikin 1732.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Larabawa kuwa su na ce masa Alkashnawi, watau Bakatsine. Ya tashi a ƙasar Katsina zamanin sarakunan Haɓe, kamar shekara ɗari kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. A lokacin nan Katsina ta yi suna wajen karatu da fatauci. Ayarorin Azbin da na Arewacin Afirka su na sauka da kaya da littattafai, malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun riga sun shuɗe sun bar almajirai, hasumiyar Gobarau kuwa ta na tsaye kamar yadda ta ke har yau.

Ya yi karatu wurin malamai da dama. Cikinsu akwai Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi, mashahurin malamin tauhidi, da kuma Shaihu Muhammadu Bindu. A wurin Bindu ne ya ɗauki ilmin haruffa da hatimai, da hisabi, da sanin lokutai, bisa tafarkin malaman Magrib. Bai tsaya nan ba, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi, har daga baya ya yi wallafa cikinsu duka biyu.

Cikin shekarar Hijira 1142, wajen 1730 ke nan, ya sauke farali. Masu karatu su tuna hajji a wancan zamani ba na jirgin sama ba ne, tafiya ce ta ƙasa mai cin watanni, wani lokaci shekaru, kuma ba kowa ke komowa ba. Ya zauna a Makka, a can ya fara rubuta babban littafinsa Addurrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina bisa wani littafi na Fahruddini Arrazi. Sa'an nan ya zarce Masar, ya kammala shi a Alƙahira cikin Hijira 1146. Ɗaya littafin, Bahjatul Afaƙ, na ilmin haruffa da hatimai, shi ne ya gama cikin 1732, shi ne kuma ya sa mu ka ɗauko labarinsa.

Kowane Bahaushe ya san hatimi, ko a allo ko cikin laya. Ba mu ɓoye wa kowa ba, Malam Muhammadu ya ɗauki hatimi da haruffa a kan su na da asirai, kamar yadda malamai da yawa na zamaninsa su ka ɗauka, kuma an daɗe ana saɓani game da halaccin wannan. Hukunci na masu fiƙihu ne. Abin da mu ke dubawa shi ne lissafin da ke ƙarƙashi, wanda ba ya canjawa ko wa ya riƙe alƙalami.

Ga mafi ƙanƙanta, mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Wannan kam yaro ma zai iya dacewa da shi in ya yi ta gwadawa. Amma a ce mai gida 25, ko 49, ko 81, nan gwaji ba ya fid da mutum, sai da ƙa'ida. Aikin Malam Muhammadu ke nan: ya bayyana hanyoyin gina hatimin da gidajen layinsa ba su rabuwa biyu daidai, watau uku, biyar, bakwai, har abin da ya yi sama. Cikin dabarun akwai tafiya irin ta doki a wasan shaɗaranji, darar Larabawa.

Bari mu nuna irin wannan tafiya da misalinmu, don mai karatu ya gwada da kansa. Zana gida 25, biyar biyar. Sa 1 a gidan farko na sama ta hagu. Daga nan sauka gida biyu, ka matsa ɗaya dama, ka sa 2. Haka za ka yi ta yi. In ka faɗa waje ta ƙasa sai ka ɓullo ta sama, in ka fita ta dama ka shigo ta hagu, kamar yadda kwanakin mako su ke komawa Lahadi bayan Asabar. Duk sa'ad da ka cika biyar za ka tarar gidan gaba da mai shi, sai ka sa lamba ta gaba a gidan da ke bisa wanda ka tsaya. Ga abin da zai fito:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Ko ta ina ka tara, 65 ne. Dalilin 65 ɗin a fili ya ke: jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, in an raba wa layi biyar kowanne ya sami 65. Amma me ya sa tafiyar doki ta ke raba su daidai? Dubi layin sama. Lambobin nan 25 ƙungiya biyar ne, 1 zuwa 5, 6 zuwa 10, har ƙarshe. Layin ya ɗauki ɗaya daga kowace ƙungiya, kuma cikin waɗanda ya ɗauka akwai na farkon ƙungiyarsa, da na biyu, da na uku, da na huɗu, da na biyar, ba maimaici. Kowane layi haka ya ke, don haka babu yadda jimla za ta saɓa. Wanda ya gane wannan ya riga ya taka ƙofar darasin da a ke yi a Samaru.

Abin sha'awa, a daidai wannan zamani ne a Turai wani saurayi mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, ya ke fara suna. Cikin 1736, sa'ad da malaminmu ke zaune a Alƙahira, Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Konigsberg, wadda a ke ɗauka ita ce mafarin ilmin ɗigo da layukan da ke haɗa su. Cikin 1782 kuma ya fitar da bincike a kan irin tsarin ƙungiya da matsayi da mu ka nuna yanzu. Daga baya masu binciken noma su ka ɗauki wannan tsari don rarraba iri da taki a gonakin gwaji, yadda kyawun ƙasar wani gefe ba zai ruɗe su ba. Ba mu ce ɗayansu ya ɗauka daga ɗaya ba. Hatimi tsohon abu ne, mutanen Sin da Indiya da Larabawa duk sun yi aiki a kansa tun da daɗewa, Malam Muhammadu kuwa magajin malaman Larabci ne da ya tattara, ya tsara, ya bayyana.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta ƙirga. Mai gida tara guda ɗaya ne tak, sai dai a juya shi ko a kifa shi ya ba da fuska takwas. Mai gida 16 iri 880 ne, wani Bafaranshe, Frenicle, ya lissafa su, a ka buga cikin 1693. Mai gida 25 kuwa sai cikin 1973 a ka ƙirga shi da kwamfuta a Amurka, a ka sami 275,305,224.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, babban malami masanin taurari da lissafi, wanda kakanninsa su ka fito daga wajen Habasha. A gidan nan Allah ya yi masa cikawa cikin Hijira 1154, watau 1741. Ya bar wasiyyar dukiyarsa da littattafansa a hannun mai masaukinsa, a ka binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin. Allah ya jiƙansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda a ka haifa bayan rasuwar da fiye da shekara goma, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa, da sunayen malamansa da na littattafansa. Galibin abin da a ka sani na rayuwarsa daga nan ya fito.

An buga Addurrul Manzum a Alƙahira cikin 1961. Rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi kuwa akwai shi a ɗakin littattafan Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta London, daga can ne wata malama Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ɗauko shi ta bayyana cikin littafinta na lissafin mutanen Afirka a 1973. A nan gida Malam Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kansa cikin 1967. Ɗalibin da ya iya Larabci ya kuma iya lissafi, ga aiki nan na jiransa, domin Bahjatul Afaƙ ya cancanci a juya shi da Hausa, a bi hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya da hujjojin zamani.