Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Wasiƙarsa zuwa Ingila

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a shekarar 1781. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya tashi da kaifin basira. Da aka soma jihadi a 1804 yana cikin manyan sarakunan yaƙi, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa a 1808, tare da taimakon Namoda, wanda Ƙaura Namoda ta ci sunansa. A 1809 ya gina Sakkwato, ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar Shehu.

Bello ya riƙe alƙalami kamar yadda ya riƙe takobi. Shi ya wallafa Infaƙul Maisuri, ya kuma yi ta musayar wasiƙu da Shehun Barno, Alkanemi, suna muhawara a kan halaccin jihadi.

A 1824 wani Bature mai suna Kilafaton ya biyo ta ƙasarmu ta Zamfara ya isa Sakkwato. Bello ya karɓe shi da mutunci, Waziri Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa. Da zai koma, Bello ya ba shi wasiƙa da Larabci zuwa ga Sarkin Ingila, Joji na Huɗu. A ciki ya yarda zai hana fitar da bayi ta bakin teku, ya nemi a aiko masa da jakada, a kuma buɗe ciniki. An buga fassararta a Landan a 1826.

To, amma al'amarin bai ɗore ba. Kilafaton ya dawo a 1826 ya tarar ana yaƙi da Barno, ga shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Alkanemi. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe wasiƙar. Nan ya kwanta ciwo, ya mutu a 1827. Bello kuwa ya rasu a Wurno a 1837. Allah ya jiƙansa.

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, ba domin an adana wasiƙar nan ba, da ba mu san abin da Bello ya nema daga Turawa ba. In akwai tsohuwar takarda mai hatimin sarki a gidanku, don Allah kada a bar gara ta cinye ta.